Ranar Da Na Raba Aksil Gida Biyu

Duk garejinmu, kai har da na ƙetaren titi, babu wanda ya kai ni sanin ƙarƙashin mota. Ba cika baki nake ba, ku tambayi kowa. Sai dai in kun tambaya kada ku tsaya jin dalili, don za su ce muku dole in san ƙarƙashinta tunda na fi daɗewa kwance a can fiye da zaune a kujerar direba. Kuma ba sharri suka yi min ba. Shekara goma sha tara muna tare da tsohuwar a-kori-kurata, rabin shekarun nan daga ƙasa nake kallonta, baƙin mai yana ɗiga min a goshi. Shi ya sa suke ce min Injiniya. Sai da na yi shekara uku ina amsawa da murna kafin na lura duk wanda ya faɗa sai ya kau da kai ya yi dariya.

Motar tawa irin ta da ce, mai ja da ƙafa huɗu, wadda aka yi don daji. In ka leƙa gabanta za ka ga ƙarfe guda ɗaya, kaurinsa kamar cinyar ƙato, ya taso daga tayar dama ya miƙe sambal har tayar hagu. Shi ne aksil. Duk abin da ya sami taya ɗaya sai ɗayar ta ji. In ta dama ta taka dutse ta hagu ta amsa, daga nan kujera ta amsa, daga nan haƙoranka. Na taɓa ɗaukar wani mai sayar da tukwanen ƙasa, muka isa ba tukunya ko ɗaya mai rai, shi kansa sai da aka kama shi kafin ya miƙe. Amma fa a rami da hawan dutse ba a haɗa ta da kowa. In taya ɗaya ta hau tudu, ƙarfen nan sai ya danna ɗayar ƙasa, duka biyun su kama ƙasa su yi ta ja kamar shanu.

Shi kuwa mijin ƙanwata, wanda muke kira Ɗan Gayu saboda sai ya goge takalmi kafin ya shiga motarsa, tasa ta zamani ce. Ita babu wannan dogon ƙarfe a gaba. Kowace taya da hannunta, da sifirin ɗinta. In ɗaya ta faɗa rami ɗayar ba ruwanta, ko jaje ba ta yi mata. Kana ciki kamar kana kan katifa. Duk lokacin da ya zo gaishe ni sai ya ajiye ta daf da tawa, ya shafa bodin tawa ya ce, “Yaya, ya jikin tsohuwa?”

To ana nan sai aiki ya faɗo. Akwai wata Hajiya mai gonar kaji a bayan gari, nesa da kwalta, tana neman motar da za ta riƙa kwaso mata ƙwai kullum da safe zuwa cikin gari. Aiki ne na dindindin. Ni kuwa wata huɗu ke nan ina ɗumama bencin gareji, ba lodi ba fasinja, har bencin ya ɗauki fasalin zamana. Hajiya ta aiko a kira mu mu biyu, ni da Ɗan Gayu. Ta ce ranar Asabar za ta ɗora wa kowa kiret goma na ƙwai, mu taso daga gona har bakin kwalta, wanda ya yi mata shi za ta ɗauka.

Da na koma gida na gaya wa maman yara, ta ce Allah ya kawo mana mafita, abin da kawai zan yi shi ne in tafi a hankali. Na ce mata ita ba ta san mota ba. Ƙwai fa aka ce. Motar da ta kashe tukwane me za ta bar wa ƙwai? Ta ce ai lokacin tukwanen gudu nake don in riga wani lodi. Na ce wannan tsohon zance ne, ta bar maganar ƙarfe ga masu ƙarfe.

Washegari na je gidan ƙanwata, na yi kamar makullina ya faɗa ƙarƙashin motar Ɗan Gayu, na kwanta na shige. Na daɗe a can har ƙanwata ta leƙo ta ce ko barci ya ɗauke ni ne ta kawo min filo. Ni kuwa nazari nake. Na duba dama, na duba hagu, sai na ga ashe babu wani sirri. Nasu a rabe yake, nawa a haɗe. Shi ke nan. Duk kurin da masu kamfani suke yi da karatun da suka yi, ashe yanka ne kawai a tsakiya. Na fito ina kakkaɓe riga ina murmushi, Ɗan Gayu ya ce na ga makullin? Na ce na ga abin da ya fi makulli.

Na fara zuwa wurin Baba Sifana, tsohon bakaniken garejinmu, wanda tun ina saurayi yake gyara min motar nan. Yana zaune yana wanke noti a cikin gwangwanin fetur na zayyana masa komai, har da zane a ƙasa. Bai ɗago ba sai da na gama.

“Ka ce za ka yi me?”

“Raba shi zan yi, Baba. Kowace taya ta ci gashin kanta.”

“In ka raba, wa zai riƙe motar?”

“Allah.”

“Ai da wannan ƙarfen yake riƙe maka ita tun shekara sha tara.”

Ya ce in tashi in ba shi wuri, shi hannunsa ba zai shiga kisan kai ba. Ya ce mota mai hannu biyu da haka aka haife ta, tawa ma da haka aka haife ta, kowace da wurin da take da amfani. Na ce masa tsofaffi dama haka suke da sabon abu. Ya ce shi ma wanda ya yanke reshen da yake zaune a kai sabon abu ya kawo, kuma a garejin nan aka ɗaure masa ƙafa, yana iya nuna min gidansa.

Sai na wuce wurin mai walda na bakin layinmu. Shi ƙofofi da tagogi yake yi, abin da ya taɓa taɓawa a jikin mota bai wuce salansa ba. Amma yana da hali ɗaya mai kyau, ba ya musu. In ka ce ya haɗa maka keke da firiji zai tambaye ka ne kawai ta ina za a fara. Shagonsa tsakanin na tela da na mai aski yake, don haka tun kafin mu ɗaga motar a kan jak mun samu 'yan kallo kyauta.

Na ɗauki alli na ja layi a jikin aksil. Ya kunna injin yanka, tartsatsi ya tashi. Bai yi nisa ba sai ga wani baƙin mai mai kauri yana bulbulowa, mai wari kamar an buɗe tsohuwar rijiya. Mai walda ya ja da baya ya ce motar tana zubar da jini. Na ce ƙazanta ce ta shekaru take fita, ya ci gaba. Ya ci gaba. Can kuma ya sake tsayawa ya ɗaga gilashin fuskarsa.

“Injiniya, akwai wani ƙarfen a ciki fa.”

“Ciko ne. Wuce da shi.”

Ba ciko ba ne. Sandar da take juya tayar gaba ce in an sa giyar ƙafa huɗu, kuma na san haka sarai, mantawa na yi tana ciki sai da na gan ta. Amma tela da mai aski suna tsaye a kaina, ba zan ce a tsaya ba. Na ce a raina ƙwai ba ya buƙatar ƙafa huɗu, na baya ma sun isa. Ya wuce da shi.

Da aksil ya rabu biyu sai tambaya ta taso, me zai haɗa su a tsakiya su riƙa motsi ba tare da sun watse ba? Mai walda ya waiga, ya ga wata babbar ƙofar ƙarfe da wani ya ba shi aiki, ya ciro hinjinta guda, irin mai kaurin nan. Ya ce in ƙofa tana buɗewa tana rufewa da shi shekara da shekaru, me zai hana mota? Na ce wallahi da ya yi karatu da ya wuce nan. Ya liƙa shi.

Muka sauke jak. Tsakiyar aksil ta yi ƙasa, kawunan tayoyin suka matso juna, gindinsu ya baje waje. Motar ta yi gwame. Tela ya zagaya ta sau ɗaya, ya tambaye ni a hankali ko fitsari take ji. Na ce saiti ne bai gama zama ba. Muka samo sarƙa muka ɗaure tsakiyar muka ja ta sama muka maƙala a jikin shasi. Muka ja da yawa. Yanzu kuma ta koma ƙafar baka. Mai aski ya ce wannan kam kamar ta kwana uku a kan doki. Muka sassauta, ta koma jin fitsari. Muka ƙara, ta koma doki. Muka yini a haka, har tela ya daina ɗinki ya jawo kujera yana ba mu umarni, a ɗan ƙara, a ɗan rage, kamar ana gwada masa wando.

Daga ƙarshe muka tsaya a tsakiya, taya ɗaya tana ɗan jin fitsari, ɗaya tana ɗan kan doki. Don a samu laushi na yanko tsohon tub ɗin taya na yi igiyoyin roba guda bakwai, na nannaɗe wurin da su tam.

Sai gwaji. Na je gida na ce maman yara ta ba ni ƙwai. Ta ce guda huɗu ne suka rage kuma na karin yara ne. Na ce ilimi zan yi da su. Ta ba ni biyu, ta ce in ilimin ya fashe in kawo mata shi a kwano ta soya. Na sa su a kwano a kujerar gefe, na tada mota.

Daga shagon mai walda zuwa ƙarshen layi ba nisa, kuma hanyar a miƙe take. Ni ma sitiyari a miƙe na riƙe shi. Motar ce ba ta yarda ba. Tayar dama ta shiga wani ɗan rami ta juya ta kalli hagu, ta hagu ta ga haka ta juya ta kalli dama, suka tsaya suna hararar juna, motar ta rasa wadda za ta bi sai ta nufi shagon tela. Madubina ya kwashi igiyar da tela ya rataye kayan mutane, riguna shida da wando suka biyo ni suna kaɗawa. Na murza sitiyari don in kauce, ta ɗauka na ce mata ta gaida mai aski. Wani bawan Allah da aka aske wa rabin kai ya tashi da tawul a wuya ya haye katanga. Durom ɗin ruwan mai walda ne ya tsayar da mu.

Na duba kwano. Ƙwai ɗaya ya fashe, ɗaya yana nan lafiya lau. Na fito na ɗaga shi sama na nuna wa jama'a, na ce da a da ne duka biyun za su tafi, wannan rabin nasara ke nan tun ranar farko. Tela yana tsince rigunansa daga cikin kwata ya ce Allah ya sa kada ya ga ranar cikakkiyar nasarar. Na jefa ƙwan a aljihun gaba don in kai wa maman yara shaida, na kwanta rub da ciki na shige ƙarƙashin mota in ƙara ɗaure sarƙa.

Da na shiga gida maman yara ta kalli aljihun, ta kalli kwanon. Ta miƙo hannu kawai ta ce in tuɓe rigar tun ƙwan bai bushe ba.

Wani mai hankali da a nan ya tsaya. Ni gareji na wuce na yi shela. Na ce duk mai son ganin yadda ake mayar da tsohuwa yarinya ya zo bakin kwazazzabon hanyar gona ranar Asabar. Na ce bayan na karɓi aikin Hajiya zan buɗe wurin raba aksil, Baba Sifana in yana so in ɗauke shi ya riƙa miƙo min sifana. Direbobi suka yi ta kama layi, wannan ya ce a sa shi na farko, wancan ya ce shi har na baya yake so a raba masa. Sai daga baya na gane ba wanda ya kawo motarsa kusa da ni a cikinsu.

Ranar Asabar na fita tun da sassafe, don na san tafiyar sai da lallashi. Masu keke suna wuce ni, wata tsohuwa mai sanda muka jera da ita har ta gaji ta yi gaba. Kafin in shiga gona na ɗaura buhu a gaban motar ya rufe ƙarƙashin, na ce in an tambaya saboda laka ne.

Hajiya doguwar mace ce mai tabarau, da takalmin roba har gwiwa, ba ta da yawan magana. Ta amsa gaisuwarmu, ta sa aka ɗora wa kowa kiret goma, ta ce ita za ta biyo mu a baya a kan tarakta tare da direbanta. Ta ɗan tsaya tana kallon yadda motata ta karkace, ta ce lafiya take kuwa? Na ce haka take tsayuwa in tana jin ƙarfi.

Rabin farko na hanyar gargada ce zalla, irin mai ƙananan tudu a jere. Nan Ɗan Gayu ya nuna min iyakata. Ya fito da gwiwar hannu ta taga, motarsa tana tafiya kamar a kan ruwa, tayoyin suna rawa a ƙasa bodin ko gezau. Da zai wuce ni har ya rage gudu ya ce in ina da saƙo zuwa bakin kwalta ya kai min. Ni kuwa a tawa kowace taya ta samu 'yancin da na yi mata alkawari, kuma kowace gidansu take son zuwa. Sitiyari yana juya kansa, ni dai na ɗora hannu a kai ne don kada Hajiya ta ga ba ni nake tuƙi ba. Can sai na ji tas. Roba ɗaya ta tsinke. Aka jima, tas. Na fara lissafi. Kafin mu hango kwazazzabo saura ɗaya.

Kwazazzabon nan yana daf da kwalta. Ruwa ne ya ci hanyar ya bar rami mai zurfi, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya laka, sai ka gangara a karkace ka haura a karkace. A bakinsa kuwa ga jama'ar da na gayyata da bakina, ba wanda ya ƙi zuwa. Direbobin gareji, tela, mai aski, mai walda, ƙanwata da maman yara a gefe guda. Baba Sifana har da kujerarsa ya zo.

Ɗan Gayu ya gangara da yanga. Da ya zo haurawa tayarsa ta dama ta hau dutse, ta hagu kuwa, tunda ba abin da ya haɗa ta da 'yar'uwarta, sai ta tsaya a sama tana lilo. Ya taka mai, ta yi ta juyawa a iska kamar fanka. Ya sake takawa, cikin motar ya zauna daram a kan dutse. Ya yi gaba ba hanya, ya yi baya ba hanya. Ya buɗe ƙofa ya ga laka, ya dubi takalminsa, ya rufe.

Dariyar da na yi a lokacin, Allah ya yafe min. Har na manta da abin da ke ƙarƙashin buhu.

Taraktar Hajiya ta iso ta tsaya kusa da tagata. Ta dubi Ɗan Gayu a rami, ta juyo gare ni.

“Malam direba, dama wannan ramin ne ya sa na aika a kira ka. Ƙwai in yana cikin kiret aka tafi a hankali ba abin da yake samunsa. Motar da za ta haye nan kullum nake nema, har da damina, kuma an ce min irin taka mai ƙarfe ɗaya a gaba ce take iyawa. Sa giyar ƙafa huɗu ka jawo shi, aikin naka ne.”

Na waiga wajen maman yara. Ta ɗaga kai tana kallon sama kamar ana mata magana daga can.

Nan ne wurin da ya kamata in sauko in faɗi gaskiya. Na buɗe baki da niyyar haka, wallahi, sai na ji bakin ya ce, “Ƙaramin aiki ne, Hajiya.”

Na ja sandar giyar ƙafa huɗu. Wata ƙara ta taso daga ƙasa kamar ana niƙa tsakuwa a injin markaɗe. Na yi wa jama'a murmushi na ce ƙarfi ne yake taruwa. Na saki birki muka fara gangara. Tayar dama ta taɓa dutse. Tas, robar ƙarshe. Sarƙa ta biyo bayanta. Hinji kuwa ya yi aikin da aka ƙera shi dominsa, ya buɗe.

Motar ta durƙusa kamar raƙumi. Tayoyin gaba suka kwanta, ɗaya nan ɗaya can, hancinta ya nutse a laka, bayanta ya ɗaga sama. Na ji wani sululu a bayana. Kiret goma suka taho a jere, suka hau kan rufin, suka sauko ta gilashin gaba ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kowanne sai ya jira na gabansa ya gama fashewa. Tagar gefena dama ba gilashi tun shekara biyar, don haka rabona ya same ni har inda nake zaune. Na kunna waifa don in ga hanya, ta kaɗa ƙwan ya yi kumfa.

Sai na ji mai aski yana cewa a kawo gishiri.

Na fito ta taga, rawaya tun daga hula har takalmi, ɓawo a kunne. Buhun da na ɗaura ya riga ya yi nasa wuri, komai a fili. Baba Sifana ya tashi daga kujerarsa, ya gangaro a hankali yana dafa gwiwa, ya sunkuya ya zaro wani abu daga laka ya ɗaga sama.

“Wa ya yar da ƙofar gidansa a nan?”

Mai walda ya matso ya ce a ba shi, mai ƙofar kwana uku ke nan yana kwana da ƙofa a jingine. Hajiya ta tambaye shi ko shi ya yi wannan aikin. Ya ce shi yanka kawai ya yi, ilimin duk na Injiniya ne, kuma ya gaya min akwai ƙarfe a ciki na ce ciko ne. Ɗan Gayu ya leƙo daga tagarsa, kiret ɗinsa goma cif ba ƙwan da ya tsage, ya ce, “Yaya, in miƙo igiyar ne, ko in bari ku gama gaisuwa?” Na ce masa ya fara koya wa tayarsa taka ƙasa kafin ya yi da ni. Ƙanwata ta ce mu biyun duka mu yi shiru, a rami ɗaya muke.

Tarakta ce ta fitar da mu, shi da farko, ni daga baya, gaban motata a rataye kamar an kama akuya ta ƙaho.

Abin mamaki, Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa Ɗan Gayu motarsa tana da kyau amma ta kwalta da gargada ce, ba ta wannan ramin ba. Ni kuma ta ce har yanzu irin motata take so. Ta ba ni mako guda, in na samo aksil ɗin da wuta ba ta taɓa shi ba na ɗaura, in dawo. Amma ta ja kunnena, ta ce ba ta son wanda aka liƙa, don ba za ta ɗora ƙwanta a kan ɗinki ba.

Na shiga wuraren 'yan gwangwan da masu tsofaffin kayan mota, kwana biyar ina yawo. Labari ya riga ni zuwa ko'ina. Ina cewa aksil sai a ce ai kai ne, wani ya ce aksil babu amma akwai hinji sabo fil, wani ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gan ni. Irin motata sun ƙare a duniya, waɗanda suka rage masu su sun fi ni hankali.

Ranar ta shida na koma wurin mai walda. Muka liƙa sandar ciki, muka zura bututu a kan yankan muka liƙe, ya bi da injin gurza ya goge ɗinkin har ya yi sumul, muka cike ramukan da abin cikon bodi. Bai gama ba sai safiyar ranar da zan koma gona. Na sayo baƙin fenti na shafe aksil ɗin tun daga wannan taya har waccan, ya fito yana ƙyalli. Maman yara ta ce in gaya wa matar nan gaskiya, mai yiwuwa ta tausaya. Na ce zan gaya mata, amma sai na kama aikin tukuna, gaskiya ba ta lalacewa don an ajiye ta.

Na sami Hajiya a tsakar gona tana duba buhunan abincin kaji, direban tarakta yana gefe. Na gaishe ta har ƙasa. Ta ce an samu? Na ce an samu, kuma samun ma na ban mamaki. Na ce wani tsoho ne a can wani gari, ya sayi aksil ɗin sabo tun yana da irin motar, kafin ya ɗaura motar ta ƙone, shi ne ya ajiye shi a ƙarƙashin gadonsa a cikin kwalinsa shekara ashirin. Na ce da zai ba ni har hawaye ya yi, ya ce in riƙe shi amana. Na ce ko ƙudan walda bai taɓa sauka a kansa ba, balle wuta. Na ga tana gyaɗa kai, sai na ƙara da cewa tsohon ma ya ce in gaishe ta.

Ta ce tana amsawa. Ta cire tabarau ta sa a aljihu, ta tattare zaninta, ta durƙusa a gaban motar. Ban taɓa zaton mace mai gona kamar wannan za ta durƙusa a laka ba. Ta miƙa hannu ta shafa aksil ɗin tun daga dama har tsakiya, ta miƙe tsaye, ta buɗe tafin hannunta a gabana. Baƙi ƙirin, har yana ɗiga.

“Shekara nawa ka ce ya yi a ƙarƙashin gado?”

“Ashirin, Hajiya.”

“Fentin bai bushe ba har yau?”

“Ɗakin nasa akwai danshi.”

Ta kama hannun rigata ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko ƙaramin ba. Ta juya ta ce wa direban tarakta daga gobe ya ɗaura tirela, shi zai riƙa kai ƙwan bakin kwalta. Sannan ta mayar da tabaranta ta dube ni.

“Ka mayar wa tsohon da kayansa, Malam direba. Ya ƙara masa wata shekara ashirin ɗin, ko Allah zai sa ya bushe.”